Tsoka Ta Maƙale

Karaci, ƙasar Pakistan
Disamba, 1978

Zuwa ga uwargijiyata marowaciya, Madan Zaliha ta lakwal ɗin Buza,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da 'yan makarantar da Allah ya jarrabe su da ke. Ni lafiyata lau in ban da barkono, don mutanen nan ba su yarda a ci abinci ba a yi hawaye ba. In kin je gida Gidan Yero ki karanta wa innata Hajjo takardar nan, amma ki tsallake wurin barkonon kada ta ce ana kashe mata ɗa.

Kin san za a buɗe gidan tele a Yamai, shi ya sa aka kwaso mu daga rediyo aka turo mu koyon aikin. Ni an haɗa ni da wani marubucin wasan dariya, Malam Sarfaraz. Ɗan siriri ne, shayi da taba kawai ke riƙe da shi, kuma tun da na zo ban ga haƙorinsa ba. Da can akawu ne a tashar jirgin ƙasa, yana rubuta wasanni a bayan takardun kaya yana aika wa rediyo. Yanzu ranar da za a nuna wasansa har masu shaguna rufewa suke yi. Wasan na wani mai gidan haya ne da kullum yake alkawarin gyara matakala, kullum wani ɗan haya na faɗowa ya karye, shi kuwa sai ya tara su ya yi musu jawabi a kan amfanin haƙuri. Kowa ya san da wa ake, don a nan ma soji ke mulki. An ajiye wani mai jan biro yana duba kowane shafi kafin a nuna. Malam da kansa yake kai masa shayi, wai shi ne babban masoyinsa, shi kaɗai ke karanta shi daga farko har ƙarshe.

Na tambaye shi ta bakin tafinta yadda yake tsira. Ya ce, "Babba ba ya zaguwa da sunansa. Ka tuɓe masa kaki, ka sa masa rigar wani ƙaramin mutum wanda ka sani har warin hularsa." Na rubuta wannan na ajiye.

Ni ma na ba shi labarin namu. Na ce a ƙasarmu ta Adar ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne, ɗan mace shi ne bawa, zagi tsakaninsu halal ne, ba fushi ba ƙara, har akwai watan da nake ɗaukar tsintsiya in share ƙofar ɗan kawuna yana zagina ina ramawa. Bai yarda ba sai da na rantse. Ya ce ƙasar da ke da wannan ba ta bukatar irinsa.

Ga shi watan sharar ya kama ni a nan, ba ƙofar da zan share. Ki ce wa yayanki Tsoho bawansa na gaishe shi, yana tambaya ko tsokar nan ta shekarar yunwa ta fita daga haƙori, ko har yau ƙayar beguwa na aiki.

Bawanku da ya fi ƙarfinku,
Manzo

*

Buza
Maris, 1979

Zuwa ga bawan gidanmu da ya gudu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, Gwaggo Hajjo ma lafiya, sai ciwon gwiwa. Na karanta mata har wurin barkonon, ta ce Allah ya ƙara, kai da ba ka taɓa yaba miyarta ba.

Na isar wa Yaya Tsoho da saƙonka, amma sai da na ja shi bayan rumbu, don ka san maganar ƙayar nan ba ta fita zaure. Har yau mutanen Gidan Yero sun ɗauka a shekarar yunwa gidanmu kaɗai ake ɗora tukunyar nama. Ba wanda ya san anza, 'ya'yan itacen daji, muke jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, shi kuwa ya shafa ɗan mai a leɓe, ya sa jar hularsa, ya zauna ƙofar gida yana sakace da ƙayar beguwa, duk wanda ya gaishe shi ya ce, "Alhamdu lillahi, tsoka ta maƙale." Baba na kwance a lokacin, Yaya kuma ya rantse ba za a ce gidan Jika ya miƙa hannu ba. Mu da ke ciki muna yi masa dariya, amma ni ban taɓa tuna abin ba ban ji tausayinsa ba.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ki hwaɗa ma bawan banza wanga tsoka tana nan, shi zo shi cire ta da haƙoranai na zomo. Yaron da jaki yak kora har cikin masallaci, shi na za shi koya ma mutane wasa cikin akwati?" Ya ce kuma sharar bana bai yafe ba, ƙofa na nan da dattinta tana jiranka.

Albasarsa ta yi kyau bana, sai dai ƙafar nan da ya karye a rijiyar garkar albasa tana damunsa, ɗingishin ya ƙaru. Matarsa Lantana na gaishe ka. Ka gaida malamin naka, ka ce ya rage taba.

Uwargijiyarka,
Zaliha

*

Yamai
Oktoba, 1981

Uwargijiyata,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta Inna. Ni lafiya, sai aiki da ya hana ni ko zuwa shara, ga shekara ta uku ke nan. Wannan takarda ta hannun direban kamyon, babbar motar albasa, na ba da ita, ba ta gidan waya ba, za ki ga dalili.

Zaliha, na sami abin da nake nema. Tun da na dawo nake rubuta ƙananan wasanni a kan wanke hannu da allurar yara, har na fara jin kunyar biro. Ina zaune a ofis ina jin manya suna karanta rahoto, kowace shekara an yi amfanin gona, kowane gari an ƙoshi, ni kuwa na san abin da ke cikin rumbunan Adar. Sai maganar Malam Sarfaraz ta faɗo mini. Na ƙirƙiro wani maigari, na sa masa suna Ƙosau. Garinsa na mutuwa da yunwa, matarsa na wankin anza a bayan ɗaki, amma duk baƙon da ya zo daga birni sai ya tarar da shi a ƙofar gida yana sakace, ya rantse masa a garin nan har karnuka sun gaji da nama. Baƙo ya rubuta ya koma, taimako ya wuce zuwa wani gari. Mai jan biron namu ya karanta, ya yi ta dariya, ya sa hannu.

An fara nunawa, Yamai ta ɗauka. Yara a titi, mata a kasuwa, kowa "tsoka ta maƙale". E, na ari maganar Tsoho. Na ari jar hular da ɗingishin ma, don ɗan wasan da na ba shi bai iya tafiyar manya ba sai da na nuna masa ta yayanki. Ƙayar beguwa ce kawai muka rasa a duk Yamai, da tsinken tsintsiya yake yi. Kada ki ɗaure fuska. Ba da Tsoho nake ba, da masu rahoto nake, rigarsa kawai na ara. Wa ya san shi a nan? In ma ya ji, taubashina ne, haƙƙina na ci, ya tanadi nasa zagin kafin in zo.

Na aika wa Malam Sarfaraz labarin. Ina jin wannan karon zai yi murmushi.

Bawanki,
Manzo

*

Buza
Maris, 1982

Manzo,

Muna lafiya, Gwaggo ma da sauƙi. Ina fata kana lafiya.

An kawo tele Gidan Yero. An ajiye ta a gidan samariya da wani faranti a kan rufi mai ɗaukar hasken rana, sarkin samari ke riƙe da makulli. Ranar da za a nuna wasanka na je gida takanas. Gari duka ya fito bayan sallah, har Fulanin rugar gabas sun zo. Da yake wasan ɗan gida ne, aka shimfiɗa wa Gwaggo tabarma a gaba, aka kawo wa Yaya Tsoho kujera kusa da ta maigari. Ya sa jar hularsa, yana ta cewa yau zai ga abin da bawa ya tafi koyo bayan teku.

Da Ƙosau ya fito yana ɗingishi aka fashe da dariya. Da ya zauna ya fara sakace dariyar ta ƙaru, sai na ga kawuna sun fara juyawa. Da ya faɗi maganar, ba wanda ya ƙara kallon akwatin, kowa kujerar Yaya yake kallo. Shi ma ya ɗan yi dariya a nan. Sai aka nuna matar a bayan ɗaki tana tsiyaye ruwan anza, tana leƙe kada maƙwabta su gani. Wata tsohuwa a bayana ta ce da ƙarfi, "Ashe anza ta!" Lantana ta ja mayafi ta tashi. Shi bai tashi ba, ya zauna har aka kashe, ya yi wa maigari sai da safe, ya tafi.

Da safe ya kira ni ya ce in ɗauko takarda. Ga abin da ya ce: "Ki rubuta ma Mushe Manzo, na gani, na gode. Aiki ya yi kyau ƙwarai. Allah shi ƙara basira, shi ƙara girma."

Na rubuta maka yadda ya faɗa, har da Mushen nan na Faransanci da ake kiran manyan ma'aikata da shi, ban ƙara ba ban rage ba. Ka karanta da kyau.

Uwargijiyarka,
Zaliha

*

Yamai
Afrilu, 1982

Uwargijiyata,

Lafiya lau, kuma takardarki ta ƙara mini lafiya. Na karanta da kyau kamar yadda kika ce, har na karanta wa abokan aiki. Mushe Manzo! Ashe akwai ranar da Tsoho zai sallama. Na san zai gane ba da shi nake ba, mutum ne mai kai, ko da yake hular ta fi kan kyau. Ki ce masa bawa ya karɓi girman, kuma ba zai mayar ba.

An ba ni lambar yabo. Wani babba ya rataya mini ita da hannunsa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Tsoka ta maƙale," duk ɗakin ya ɗauki dariya. Suna dariya ba su san da su ake ba, ni kuwa ina ta danne tawa. Darekta ya ce a ƙara wasannin Ƙosau, kowane mako. Don haka sharar bana ma sai dai ku yi haƙuri.

A gaida Inna, a gaida Lantana, a ce ta daina jin kunya, ta zama tauraruwa.

Bawanki mai lamba,
Manzo

*

Buza
Satumba, 1984

Manzo,

Ina gaisuwa. Ba zan ce muna lafiya ba. Ruwa ya ɗauke tun hatsi na gwiwa, gonaki sun ƙone daga nan har Keita da Madawa, Fulani na sayar da saniya a kuɗin akuya. Gwaggo na nan da rai. Takardunka sun iso duka, ban amsa ba don tun waccan ta lambar yabo nake fushi. Na so ka gane da kanka. Na ga ba za ka gane ba, kuma yanzu ba lokacin jira.

Kai da aka haifa a Adar, yaushe ka taɓa jin taubashi ya ce wa taubashinsa ya gode? Tun kana rarrafe Yaya yake kiranka bawan banza. Ranar da ya ce maka Mushe, ranar ya cire ka daga gidanmu ya ajiye ka cikin baƙi. Ni da nake rubutawa na gane, kai kuma ka ɗauka ka karanta wa abokan aiki.

Ka ce haƙƙinka ka ci. A wasan taubasai ana zagi ne ana ramawa, ido da ido, mutane na ji, a tashi ba wanda ya fi wani. Kai ka zage shi daga cikin akwatin da ba a iya mayar wa magana, kowane mako, a gaban surukansa da 'ya'yansa. Kuma ba ɗingishinsa ka fitar ba, wannan kowa na gani. Asirin tukunyar gidanmu ka fitar, abin da ya saya da yunwar cikinsa.

Bari in gaya maka yadda yake. Ya ajiye jar hular. Ya daina zama ƙofar gida. Ya daina zuwa kasuwar Buza, don masu sayen albasa daga nesa suke kiran Ƙosau, wasunsu ma ba su san yana da wani suna ba. Yara na bin sa suna ɗingishi. Bai taɓa ɗaga murya ga kowa ba.

Da aka kawo hatsin taimako ana raba wa magidanta, Lantana ta yi ta kuka har ya yarda ya je. Ya naɗe buhu a ƙarƙashin riga ya shiga layi. Wani saurayi, ba ma da mugunta ba, ya ce, "A'a, Baba, yau tsoka ta hita?" Layi ya ɗauki dariya. Ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ya juya gida. Tun ranar ya ce yara su ci duk abin da aka samo, shi hatsin taimako ba zai shiga bakinsa ba. Anza yake ci, kuma ba shi da ƙarfin shekarun baya. Ina jin tsoro, Manzo. Ina ganin wuyansa ina jin tsoro.

Abu biyu nake so. Ka kashe wasan nan. Kuma ga watan shara ya kusa, ka zo da tsintsiya ka share ƙofarsa a gaban gari, ka tsaya ya zage ka son ransa, ya fito da labarin jaki da duk abin da ya sani, a yi maka dariyar da aka yi masa. In ya rama, mutane za su ce ashe wasan taubasai ne, ya iya shiga layi kamar kowa. Ban san wata hanya ba.

Uwargijiyarka har yanzu,
Zaliha

*

Yamai
Nuwamba, 1984

Zaliha,

Ina gaishe ki. Jikina lafiya. Na biyo ta Buza a hanyar dawowa aka ce kin kai yaro likita Madawa, shi ya sa nake rubuta abin da na so in faɗa miki da baki. Allah ya ba shi sauƙi.

Na je. Na sauka wurin Inna, ta miƙo mini tsintsiyarta. Da hantsi na tafi ƙofar Tsoho na fara shara. Na tuɓe takalmi, na ɗaure riga a ƙugu, na sa aka kira mutane, suka zo suka tsaya. Ina shara ina ɗaga murya, ina cewa ina ubangidan nan marowaci, ya fito ya ga bawansa da jaki ya kora masallaci, ya ga haƙoran zomo sun dawo. Duk abin da zai zage ni da shi na jera masa a ƙofa, ɗauka kawai zai yi. Mutane suka fara murmushi, na ce a raina an kusa.

Ya fito yana dafa bango. Zaliha, ban gane shi ba sai da ya taka. Ya zo a hankali ya karɓi tsintsiyar daga hannuna da hannu biyu, ya jingine ta. Ya ce, "Subhanallahi, ranka shi daɗe, babban mutum awa kai da shara? Ku kawo tabarma." Aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma a zaure. Ya durƙusa a gefe ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni aiki, ya tambaye ni manyan Yamai. Mutane suka sunkuyar da kai suka watse.

Ya sa Lantana ta kai a yanka kazar da ta rage musu. Na roƙe ta kada a yanka, ta ce ba ta iya saɓa masa. Aka kawo mini kwano ni kaɗai, ya fita ya ba ni wuri yadda ake yi wa baƙo, mu da muka tashi muna fizgar loma a hannun juna. Da ya dawo na kama rigarsa. Na ce, Tsoho, don Allah ka zage ni, ko sau ɗaya, ka tuna jakin nan. Ya dube ni ba fushi a fuskarsa, ya ce, "Ban tuna ba, ranka shi daɗe. Tsuhwa ta." Ya raka ni har bakin mota yana ɗingishi, ya yi mini addu'ar sauka lafiya. Tun da nake ba a taɓa yi mini abin da ya yi zafin wannan ba, kuma na san bai kai rabin wanda na yi masa ba.

Maganar kashe wasan kuwa, na rubuta na ƙarshe inda Ƙosau ya mutu a ƙofar gidansa, gari ya taru ya ga ba komai a tukunya. Mai jan biro ya ja masa layi daga sama har ƙasa. Darekta ya ce a shekara irin wannan jama'a na bukatar dariya, Ƙosau ba zai mutu ba. Na ce to na daina rubutawa. Ya ce ba laifi, tsofaffin na nan a ajiye, za a yi ta maimaitawa. Ba nawa ba ne, nasu ne. Na faɗa masa a fili da wa nake tun farko, da su nake, masu rahoto. Ya yi dariya ya ce in daina wasa, kowa ya san mutanen ƙauye ake nufi.

Na tarar da takardar Malam Sarfaraz tana jirana. An hana wasansa, an hana a ambaci sunansa a tele. Yanzu tallar sabulu yake rubutawa, idonsa ma ya fara mutuwa. Ya ce sojojinsu sun yi shekaru suna dariya, ranar da suka gane sai suka rufe shi. Na karanta ina kishinsa. Shi aƙalla ya sami waɗanda ya nufa. Ni na yi shekara uku ina jifa, manya suka ba ni lamba, wanda na samu kawai ɗan kawuna ne.

Na bar buhun shinkafa wurin Lantana, na ce kada ta ce daga ni ne. Ki rubuto mini ko yana ci. Ki zage ni a takardar, don Allah, ke kaɗai kika rage.

Bawanku,
Manzo

*

Buza
Maris, 1985

Zuwa ga Mushe Manzo, gidan tele, Yamai,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Yarona ya warke. Gwaggo Hajjo na nan, sai dai ba ta fita ɗaki.

Yaya Tsoho ya rasu ranar Juma'ar da ta wuce, da la'asar. An yi jana'iza, an yi sadakar uku. Ba mu aika a kira ka ba don shi ya ce kada a wahalar da manya.

Ka tambayi shinkafa. Ya gane daga inda ta fito tun ranar. Ya sa aka raba wa maƙwabta kwano kwano, ya ce a faɗa musu kyautar baƙo ce. Lantana ta bi sauran mata zuwa aikin ɗaukar duwatsu na wajen Keita, inda ake biya da abinci, da shi yara suka rayu. Shi ya ce wannan ma taimako ne da aka sauya wa suna. Zawo ya kama shi, jikin ba abin da zai riƙe. Na zo na same shi da sauran magana, na roƙe shi ya sha ko kunu, ya ce ya ƙoshi.

Daren sadakar uku aka kunna tele a gidan samariya kamar kullum, kuma wasanka ne. Daga tsakar gidanmu muna jin muryar Ƙosau. Dattawa suka aika a kashe, aka kashe. Amma kafin ɗan aiken ya isa an yi dariya, mun ji ta, Gwaggo ma ta ji.

Za ka ga wani abu a naɗe cikin takardar nan, ka buɗe a hankali, tana da tsini. Ƙayar beguwarsa ce. Ya ba Lantana ya ce a aika maka, wai ya lura ɗan wasan da tsinken tsintsiya yake sakace, bai dace aikin babban mutum ya fita da gyara ba. Na san abin da za ka so ka ji, don ni ma na so. Na tsare Lantana na tambaye ta ko da ya faɗa ya yi murmushi, ko ya ce bawan banza, ko wani abu mai kama da haka, ko a ƙasan murya. Ta yi tunani ta ce a'a. Cewa ya yi a ba Mushe, a ce masa ya yi haƙuri da ƙanƙantar kyautar.

Ka ce in zage ka. Na zauna da biro na nema, ban samu ba. Ba sai ka zo shara bana ba, mun gode, akwai masu sharewa.

Allah ya ƙara basira, ya ƙara girma.

Madan Zaliha Jika